Maza Goma Sha Huɗu a Ƙofar Tasha

Shekara ashirin da biyu matata ta yi tana sayar da igiya a ƙofar tasha, hannun dama in za ka shiga, daidai ramin nan da kowace mota sai ta rage gudu kafin ta wuce shi. Igiya, buhunan zuba kaya, da robar ɗauri wadda take yankawa daga tsohon tub na taya. Kowa Mai Igiya yake ce mata, har ni mijinta in muna cikin mutane. Ni kuwa babbar mota na ja, shekara talatin da ɗoriya, sai da idona ya fara yi mini gardama da hanya na ajiye makulli na dawo gida.

Wanda bai san tasha ba zai raina igiya. Amma duk wanda ya zo da kaya sai an ɗaure masa, kuma ba ya tunawa da igiya sai kwandasta ya daka masa tsawa mota na shirin tashi. A wannan lokacin ba zagayen gari zai yi ba, abin da ke gaban hancinsa shi zai saya. Wato wurin shi ne sana'ar. Da wannan ɗan fili mai taku uku ta sa yaranmu biyar a makaranta, ta canza mana rufin ɗaki, ga mata biyu a unguwa da ke yi mata ɗinkin buhu, su ma daga nan suke ci.

Masu zama a layin ƙofa su goma sha huɗu ne, duka mata: mai sabulu, mai burodi, mai ruwan sanyi, mai madubi da mataji, da sauransu. Babu wadda ke da takarda. Ƙa'ida ɗaya ce tak, kuma shugaban tasha ke tsare ta: ranar kasuwa, in motar farko ta gama lodi wurinki babu kowa, ya tashi daga naki, ko da kakarki ce ta fara share shi. Ba lallai sai ke ba. Duk wanda kika zaunar daga gidanki ya wadatar. Da Mai Igiya ta haifi autanmu, ƙanwata ce ta yi mata zama har ta warware.

Shekara uku da ɗoriya da suka wuce wata farar jif ta tsaya a bakin ramin, wata mata ta fito da tabarau a goshi da wata faffaɗar waya kamar faranti. Daga wata ƙungiya take, ta masu ɗaga matsayin mata. Ba ta iya jimla biyu ba ta ce kashi kaza cikin ɗari ba, shi ya sa matan layi suka sa mata Madam Kaso. Ranar ina zaune a gefe ina yanka wa Mai Igiya roba, da kunnena na ji tambayoyin.

"Mama, kina da shago?"

"Ga ni a ciki."

"A'a, mai rufi da ƙofa da kwaɗo."

"To babu. Ga laima dai."

"Kin yi wa sana'arki rajista?"

"Duk tashar nan an san ni."

"Ba a yi ba ke nan. Kin taɓa zuwa taron horaswa?"

Kafin ta amsa wani ya zo a guje yana neman gaba shida ta igiya, ta auna masa. Wani ya zo neman buhu biyu. Wata ta zo da akuya tana neman abin ɗaure ta a saman mota. Madam Kaso ta tsaya tana tsuke baki.

"Mama, mutanen nan suna katse mana aiki."

"Su ne aikin, 'yata."

Da ta gama ta danna wayar, ta girgiza kai irin na zuwa gaisuwar mara lafiya.

"Biyu kika samu cikin goma."

"Goma na me?"

"Na ƙarfin mace a tattalin arziki. Amma kada ki damu, shi ya sa muka zo."

Na dubi matar da ke ciyar da gida uku, na dubi wadda ta ba ta maki biyu. Na ci gaba da yankan roba.

Suka gina abin da suka kira Kasuwar Mata. Shago arba'in, ƙofofi shuɗɗa, can bayan tsohon gidan man da ya mutu, tafiyar rabin awa daga tasha, inda in ka ga mutum to hanya ce ta ɓace masa. Aka raba makullai, aka yi tafi. Matan layi duk suka karɓa, wa zai ƙi ɗaki kyauta? Mai Igiya ta mayar da nata wurin ajiyar buhu. Aka kai su otal kwana uku, wata yarinya da ba ta taɓa sayar da ko allura ba ta koya musu yadda ake yi wa mai saye murmushi. Mai Igiya ta dawo da takardar shaida mai zanen zinariya, muka liƙe wata ɓula da ita a ƙofar kicin.

Aka kwana biyu ba mu ji ɗuriyarsu ba. Sai ran nan da la'asar ga Madam Kaso har ɗakinmu. Ta zauna a bakin kujera kamar kujerar za ta cije ta, ta ce shekara uku ta cika, masu ba da tallafi sun turo wani babban masani, Dokta, zai auna ci gaban da aka samu. Kowace mace ta kasance a shagonta da kayanta tun safe.

"Wace rana?" in ji Mai Igiya.

"Ranar kasuwa. Dokta yana son ya ga ciniki a lokacin da ya fi ci."

"Ciniki a can? Ƙadangaru ne za su saya?"

"Mama, rana ɗaya ce fa."

"Ranar ce dai ba a barin wuri. Ki ɗauki makullinki, ga shi can a rataye, ni ba zan bar ƙofa ba."

Madam ta yi murmushin da aka koya musu a otal, ta tafi. Washegari shugaban tasha ya bi layi yana sosa ƙeya. Ya ce Kansila ya kira shi: duk macen da aka gani a ƙofar tasha ranar, ma'aikatan hukuma za su kwashe kayanta da sunan tare hanya, kuma ba za ta sake zama ba.

"To ka ɗage mana ƙa'ida na rana ɗaya," in ji mai sabulu.

"In na ɗage yau, gobe wa zai ji maganata? Akwai mata sun fi talatin suna jiran wuri ya faɗi. Ku zaunar da wani, kamar yadda aka saba. Mace dai aka ce kada a gani."

Haka aka yi ta faɗo kanmu, mu mazan.

"Ni?" na ce mata a tsakar gida. "Ni da na ratsa ƙasa biyar da tirela, in zauna ƙarƙashin laima ina kiran a sayi igiya?"

"Ba sai ka kira ba, Malam, muryarka korar mutane za ta yi. Zauna kawai. Miƙo hannunka in gani."

Na buɗe hannuwa. Ta ɗora igiya daga yatsa zuwa yatsa, ta ja tsaki.

"Ka gani ko? Gabarka ta fi tawa da kusan taƙi biyu. In ka auna haka, kafin azahar ka rabar mini da kaya sadaka. Ka riƙa lanƙwasa gwiwar hannu."

"Ashe shekara ashirin da biyu gajartarki muke ci."

"Kuma ba ka taɓa ƙorafi a bakin kwano ba."

Ranar kasuwa tun da sassafe muka jeru, maza goma sha huɗu. Tsohon malamin makaranta a kan sabulu, yana karanta rubutun jikin kwali don kada ya haɗa ido da ɗalibansa. Wani ƙaton magini a kan madubi da mataji, yatsunsa ko ɗan kunne ba sa iya ɗauka. Mijin mai burodi kuwa kafin hantsi ya ci biyu. Direbobi suka samu abin yi. Duk wanda ya rage gudu a ramin sai ya leƙo.

"Amarya, nawa gaba?"

"Sauko in auna a wuyanka!"

Aka yi ta dariya. Motar farko ta gama lodi ta tashi, shugaban tasha ya bi layi ya ga kowane wuri da mutum, ya gyaɗa kai. Na ce a raina shi ke nan, an tsallake.

Wajen sha ɗaya farar jif ta dawo daga Kasuwar Mata za ta wuce otal. Ta rage gudu a ramin kamar kowa. Sai ta tsaya. Wani dogon mutum ya fito, da hular rana da jaka a baya da wani ɗan ƙarfe a hannu irin wanda ake dannawa ana ƙirga shanu a mashiga. Dokta ke nan. Madam Kaso na biye da shi, fuskarta kamar ta haɗiyi ƙashi.

Ya dubi layi daga farko har ƙarshe. Ya sake duba. Na ga idonsa ya kawo haske irin na maharbin da nama ya zo masa har gida. Ya nufo ni, da yake ni ne a wuri mafi kyau, ya yi magana da Turanci, Madam ta juya.

"Baba, yana tambaya wurin nan na wane ne."

"Ke ma kin sani. Na matata ne. Tana can kasuwarku tana jira a ƙirga ta, ni riƙo nake yi."

Na yi shekaru ina ɗaukar kaya a tashar jiragen ruwa, Turancin da na tsinta ba na shiga ofis ba ne, amma yana isa in san in an yanke mini magana. Duk abin nan da na faɗa, kalma uku ta mayar masa: na iyali ne, in ji ta. Dokta ya ce takardarsa ba ta da gurbin iyali, gurbi biyu ne, namiji ko mace. Wa ke zaune? Ta ce namiji. Ya danna ƙarfensa, ƙas.

Na buɗe baki zan gyara da guntun Turancina. Sai na ga shugaban tasha a bayansa yana zaro mini ido, ga ma'aikatan hukuma biyu a tsallaken titi da motar kwasar kaya. In na ce matan nan kwashe su aka yi aka kai can don a nuna, Madam ta shiga uku, Kansila ya ji kunya, kuma kafin yamma a kan Mai Igiya za a huce. Na rufe bakina. Na ɗauka shiru shi ne tsare mata wuri.

Ya bi layi, ƙas, ƙas, ƙas, har goma sha huɗu. Bai tambayi malamin makaranta me ya haɗa shi da sabulu ba. Bai lura magini bai san farashin mataji ba. Mutum ya yi karatu har ana ce masa Dokta, amma bai ga zanin mace da ke ɗaure a jikin kowace laima ba. Ya dawo ya ɗauke ni hoto da igiya a kafaɗa, ya ce in ɗaure fuska kaɗan. Wannan bai ba ni wahala ba.

Da yamma Mai Igiya ta dawo tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce an kawo masu shara da direbobin ofishin su Madam an ce su yi ta kai da kawo kamar masu saye. Wani ya sayi gaba huɗu a gaban kyamara, ana kashe kyamara ya dawo mata da ita.

"Kai fa, yaya wurina?"

"Yana nan. Wani dai ya zo ya ƙirga mu."

"Ku ma? Allah ya ba su lafiya. Su dai ƙirga."

Bayan wata biyu aka kira taro a zauren hukuma. Aka sa mu a kujerun baya, aka raba ruwan roba. Madam Kaso ta tsaya gaban farin allo tana nuna zane-zane masu kama da tsani. Kasuwar Mata, arba'in cikin arba'in, an yi nasara. Tafi. Sai ta sauya hoto, sai ga ni, ƙato a bango, da igiya a kafaɗa da fuskar mugu. Ta ce amma binciken Dokta ya gano wani babban gibi: wuraren ciniki mafi kyau a garin nan, na ƙofar tasha, ɗari bisa ɗari a hannun maza suke. Ko mace ɗaya babu.

Zaure ya ɗauki salati. Mutanen da kullum suke sayen burodi a hannun matan nan, su ne suke girgiza kai. Kansila ya miƙe ya gyara riga, ya ce hukuma ba za ta zuba ido ba. Daga yau layin ƙofar tasha na mata ne zalla, za a shata shi da fenti, a sa lamba, a ba kowace takarda. Aka yi tafi har da tsayuwa.

Mai Igiya ta taɓa ni da gwiwar hannu.

"Ka ji? Takarda za a ba mu. Ashe hotonka ya yi rana."

Ni dai jikina bai ba ni ba.

Ranar rabon takarda ita ce ta uku a layi. Akawu ya duba sunanta a wani dogon jeri, ya ja layi da biro.

"Mama, ke kin riga kin amfana."

"Da me?"

"Kina da shago a Kasuwar Mata. Tsarin na matan da ba su samu komai ba ne. Ba a ba mace ɗaya biyu."

"Shekara ashirin da biyu nake zaune a wurin nan, ɗana. Kai ma a hannuna uwarka ta sayi igiyar da aka ɗaure akwatinka za ka makaranta."

"Na sani, Mama. Amma a rubuce namiji ne a wurin."

Ta kwance makullin shago daga bakin zaninta ta ajiye masa a tebur.

"To ga naku."

Ya tura mata shi da bayan biro kamar wuta.

"Ba a mayarwa. In kin mayar sun zama talatin da tara, kuma an riga an rubuta arba'in."

Duka su goma sha huɗun haka aka yi musu.

Na sa rigata mai kyau na tafi ofishin su Madam. Sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa, bango duk hotunan mata suna dariya. Ta sa aka kawo mini shayi.

"'Yata, kin san matar nan. Kin san wa ke zaune a wurin. A gabanki aka zaunar da mu."

"Baba, abin da na sani daban, abin da aka auna daban."

"To a sake aunawa. Gobe ma ranar kasuwa ce, ya zo da ƙarfensa."

"Dokta yana wata ƙasa yanzu."

"Yana ƙirga wasu."

"Rahoto ya riga ya tafi, Baba. An buga shi. A kansa aka ba mu ƙarin shekara uku." Ta rage murya. "In na ce an yi kuskure, ba ni kaɗai zan tafi ba, mu goma sha ɗaya ne a ofishin nan. Amma akwai abin da zan iya. Za a yi taro a babban birni, muna neman mace da za ta ba da labarin yadda rayuwarta ta canza. Akwai otal, akwai kuɗin mota."

"Ta canza kam," na ce. Na bar mata shayinta ko kurɓa ban yi ba.

Shugaban tasha, mai tsaron ƙa'ida, shi ya riƙe wa mai fenti bokiti. Wurin Mai Igiya ya zama lamba ɗaya. Aka ba ƙanwar matar Kansila. Sau ɗaya ta zo, da takalmi mai tsini, aka ɗauke ta hoto ƙarƙashin sabuwar laima, ta shiga mota tana kaɗe ƙafa. Washegari wani mutum mai sayar da cajar waya ya shimfiɗa kayansa a wurin, ya ce riƙo yake yi mata. Da yake shi ba Dokta ba ne, bai yi mako ba ya gane abin da wurin ke so, ya rataya igiya. Yanzu in ka bi layin, maza tara ne a zaune kullum. A takarda mata goma sha huɗu.

Mai Igiya ta yi kwana uku ba ta fita ba. Ta sallami mata biyun da ke mata ɗinki, wannan ya fi komai ci mata rai. Rana ta huɗu ta ɗauko tsohon farantin da ta fara talla da shi tun kafin ta samu wuri, ta naɗe igiya ta ɗora, ta yi gammo. Mace mai jika shida. Ni nake turo mata buhu a baro daga shago mai shuɗiyar ƙofa, rabin awa zuwa, rabin awa dawowa, ita kuma tana bi tsakanin motoci tana leƙa taga, 'yan kamasho na cewa Mama a matsa.

Watan jiya farar jif ta sake tsayawa a ramin. Madam Kaso ta fito da farantin wayarta, ta tare Mai Igiya tsakanin mota biyu, ina tsaye da baro.

"Mama, sannu da ƙoƙari. 'Yan tambayoyi ne, ba zan ɗau lokaci ba. Kina da shago mai rufi da ƙofa da kwaɗo?"

Mai Igiya ta ɗaga bakin zani ta nuna makulli.

"Rajista?"

"Kun yi mini."

"Horaswa?"

"Har da murmushi."

Madam ta danna, ta danna, fuskarta ta washe.

"Kai, Mama! Tara cikin goma! Daga biyu fa!"

Can gaba kwandasta ya daka wa wani tsawa ya kawo abin ɗauri ko a sauke masa kaya. Mutumin ya fara waige-waige, mai caja ya riga ya miƙe da igiya a hannu.

"Matsa, 'yata," in ji Mai Igiya, ta dafe faranti da hannu ɗaya. "Kin tare mini hanya."